Haɗa magani a gida: Abin da hoton cikin ɓera ke nufi ga Kaduna

A watan Oktoban 2023 ne Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya amince da kafa wani shiri na musamman domin bunƙasa masana'antun kiwon lafiya, wanda babban burinsa shi ne nan da shekarar 2030 a riƙa haɗa kashi 70 cikin 100 na magungunan da ake amfani da su a Najeriya a cikin gida. A watan Yunin 2024 kuma ya sa hannu a kan wani umarni da ya ɗauke harajin kwastan da na VAT har tsawon shekara biyu a kan injina da sinadaran da kamfanonin magani ke shigowa da su.

Dalilin wannan yunƙuri ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya shiga kemis a Kakuri ko Barnawa ko Sabon Tasha cikin 'yan shekarun nan. Kamfanin GSK ya sanar da dakatar da harkokinsa na kai tsaye a ƙasar nan a watan Agustan 2023, Sanofi ya bi sahu a watan Nuwamba, dala kuma ta tashi daga kusan naira 460 zuwa fiye da naira 1,500 cikin shekara guda. Farashin magani ya yi tashin gwauron zabi, har ta kai ma'aikaci ya miƙa takardar likita ya ce a ba shi rabi, sauran sai albashi ya shigo.

Sai dai akwai bambanci tsakanin haɗa magani da gano magani. Akasarin kamfanonin cikin gida suna sayo ainihin sinadarin ne daga Indiya ko China, su buga shi ya zama ƙwaya, su zuba a kwali. Aiki ne mai amfani, yana samar da sana'a, yana rage kashe dala. Amma ba zai samar da maganin cutar da kamfanonin ƙetare ba su ga riba a cikinta ba, kamar sammore da ke karya makiyaya ko sikila da ke wahalar da iyalai. Wannan sai an bi ta wani mataki da jama'a ba su cika jin labarinsa ba, wato gwaji a jikin ƙananan dabbobi kafin a kai ga ɗan Adam. A cikin shekara 25 da suka wuce, na'urorin da ke ɗaukar hoton cikin ɓera yana raye sun sauya fasalin wannan mataki baki ɗaya, kuma Kaduna na da dalilai na kanta da ya kamata ta mayar da hankali a kansu.

Matakin da ba a gani

Kafin sabon magani ya iso kan kanta yakan shafe shekara 10 zuwa 15. Da farko ana gwada sinadarin a kan ƙwayar cutar a cikin kwalba. Idan ya kashe ta, sai a koma kan dabbobi, galibi fararen ɓeraye da ake kiwo musamman domin bincike, a ga ko yana aiki a cikin jiki mai rai, da inda yake zuwa, da kuma ko yana lalata hanta ko ƙoda. Bayan nan ne ake neman izinin gwada shi a kan mutane, mataki uku a jere. Duk da wannan tankaɗe da rairaya, kusan tara cikin goma na magungunan da suka kai ga gwajin mutane ba sa tsallakewa.

Maganin zazzaɓin cizon sauro da kusan kowane gida ke sha a yau ta wannan ƙofa ya shigo. A shekarar 1971, masaniyar nan 'yar China, Tu Youyou, ta tace wani ganye dangin tazargade, kuma samfurinta na 191 ne ya share ƙwayar maleriya daga jinin ɓeraye ɗari bisa ɗari. Daga nan aka samo sinadarin atemisinin, wanda ya ba ta kyautar Nobel a 2015.

Tsohuwar hanyar gwajin tana da tsada ta fuskar rai da lokaci. Idan mai bincike yana son sanin halin da cuta ke ciki a rana ta 3 da ta 7 da ta 14 da ta 21, dole ya ware rukunin ɓeraye ga kowace rana, ya kashe su, ya feɗe, ya duba gaɓoɓinsu ɗaya bayan ɗaya. Kowane ɓera amsa guda yake bayarwa, sannan abin da mai binciken bai yi tunanin dubawa ba ya wuce shi ke nan.

Leƙa cikin jiki ba tare da wuƙa ba

Hanya ta farko ta zamani ita ce hoton ƙyalli. 'Yan kasuwa sun san fitilar nan mai shuɗin haske da ake haska takardar kuɗi domin gane jabu, inda wasu zane-zane da ido ba ya gani ke bayyana suna ƙyalli. Haka abin yake a nan. Ana liƙa wa magani ko ƙwayar cuta wani rini na musamman, wanda idan aka haska shi da wani launin haske sai ya mayar da wani launin daban. A sa ɓeran barci da iskar sa barci, a kwantar da shi a cikin akwati mai duhu, kyamara mai tsananin gani ta ɗauki inda ƙyallin ke fitowa.

Tushen fasahar wani furotin ne mai koren ƙyalli da masanin Japan Osamu Shimomura ya ciro a 1962 daga jikin wata halittar teku mai kama da lema. Daga baya aka gano yadda za a dasa ƙwayar gadon wannan furotin a jikin wasu halittu, aikin da ya sa Shimomura da Martin Chalfie da Roger Tsien suka raba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2008. Akwai kuma 'yar'uwar wannan hanya, wadda ke amfani da sinadarin ƙwaron nan mai walƙiya da daddare a lokacin damina. Ita ba ta buƙatar a haska komai, domin ƙwayar cutar da aka dasa wa sinadarin ita da kanta ke fitar da haske idan aka yi wa ɓeran wata allura.

Ribar a bayyane take. Ɓera guda za a iya ɗaukar hotonsa yau, a sake jibi, a sake mako mai zuwa, a ga cuta tana yaɗuwa ko tana ja da baya a jiki ɗaya. Yawan dabbobin da ake buƙata ya ragu ƙwarai.

Amma haske na da iyaka. Wanda ya ɗora tocila a tafin hannunsa cikin duhu zai ga jan haske ya ratso, amma ba zai ga ƙashi ko jijiya ba, saboda da zarar haske ya shiga tsoka da kamar milimita ɗaya sai ya watse ta ko'ina. Hoton ƙyalli yakan nuna yankin da abu yake, amma idan wurin na da zurfi sai hoton ya yi dishi-dishi.

Wannan giɓi ne hanya ta biyu ta zo cikewa, wato fotoakustik, ko hoton haske da sauti. Misalinta shi ne walƙiya da tsawa: walƙiya kan zafafa iska farat ɗaya, iskar ta buɗe da ƙarfi, sai a ji tsawa. A cikin na'urar, ana harba hasken lesa na ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba. Jini ko rini ya shanye hasken, ya ɗan ɗumama kaɗan ƙwarai, ya kumbura, sai ya fitar da wani sauti da kunne ba ya ji. Na'ura irin wadda ake yi wa masu juna biyu sikanin ce ke kama sautin, kwamfuta ta mayar da shi hoto. Da yake sauti ba ya watsewa a cikin tsoka kamar haske, ana samun hoto mai kyau har zurfin santimita da dama, wanda ya isa a ga cikin ɓera gaba ɗaya.

Alexander Graham Bell, mai ƙirƙiro wayar tarho, shi ya fara lura da cewa haske na iya haifar da sauti tun a 1880, amma sai da aka samu lesa da kwamfuta masu ƙarfi abin ya yi amfani. A 2003 tawagar Farfesa Lihong Wang a Amurka ta ɗauki hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwar ɓera ba tare da fasa ƙoƙon kansa ba. Babbar baiwar hanyar ita ce, jini mai ɗauke da iskar oksijin da wanda ya rasa ta ba sa shan haske iri ɗaya, don haka ana iya gane sashen jikin da iska ke yi wa ƙaranci ba tare da an zuba wani rini ba. Shi ya sa masu binciken ciwon daji suka rungume ta, kuma a yau akwai na'urorin da ke haɗa hanyoyin biyu a kan dabba ɗaya. A watan Janairun 2021 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar farko mai wannan fasaha domin duba ƙari a nonon mata.

Ciwon barci: tsohuwar alaƙa da Kaduna

Cutar da ta fi nuna amfanin waɗannan na'urori ga Afirka cuta ce da tarihinta ke ɗaure da jihar Kaduna. A shekarun 1930 annobar ciwon barci, wadda ƙudan tsando ke yaɗawa, ta addabi lardin Zariya, har gwamnatin mulkin mallaka ta sare dazukan bakin rafi a yankin Anchau, ta kwashe jama'a, ta gina sabon gari da aka raɗa wa suna Takalafiya. A 1947 aka kafa cibiyar binciken cutar ta Afirka ta Yamma a Kaduna, da reshe a Vom, wadda bayan samun 'yancin kai ta koma Cibiyar Binciken Ciwon Barci da Sammore ta Najeriya, NITR, mai hedkwata a Unguwar Rimi. A Jami'ar Ahmadu Bello kuma marigayi Farfesa Andrew Nok, wanda ya riƙe muƙamin kwamishina a jihar kafin rasuwarsa a 2017, ya lashe kyautar kimiyya ta kamfanin NLNG a 2009 saboda aikinsa a kan wani sinadari da ƙwayar cutar ke lalata jini da shi. Shi ne kuma ya jagoranci kafa cibiyar ƙwarewa kan cututtukan da aka yi watsi da su a jami'ar, da tallafin Bankin Duniya.

Duniya ta ci nasara sosai a kan ciwon barcin mutane. A 1998 an ba da rahoton kusan mutum 40,000 da suka kamu, amma a 2018 adadin ya sauka ƙasa da 1,000. Tsohon maganin matakin da cutar ta shiga ƙwaƙwalwa, melarsoprol, yana ɗauke da gubar asenik, kuma yakan kashe kusan mutum biyar cikin ɗari da aka yi wa allurarsa. A 2018 aka samu fexinidazole, ƙwayar da ake haɗiya na kwana goma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Togo a 2020, da Ghana a 2023, da Chadi a 2024 sun kawar da cutar daga zama barazana ga lafiyar al'umma, kuma burinta shi ne a katse yaɗuwar nau'in da ke Afirka ta Yamma da ta Tsakiya nan da 2030.

Hoton cikin ɓera ya taka rawa a wannan fage ta hanya biyu. Ta farko ita ce lokaci. A tsohon tsari, idan ana gwada maganin da zai shiga ƙwaƙwalwa, ana ba ɓera magani a rana ta 21 da kamuwa, sannan a yi ta duba jininsa har kwana 180 kafin a ce ya warke. Masu bincike a Glasgow da Landan sun nuna cewa da ƙwayoyin cuta masu fitar da haske ana iya ganin waɗanda suka tsira a cikin kai tun kafin su dawo cikin jini, a gane maganin da ya gaza da wuri.

Ta biyu ta fi girgiza masana. Fiye da shekara ɗari ana ɗaukar cutar a matsayin ta jini da ƙwaƙwalwa. A 2016 masu bincike daga Jami'ar Glasgow da Cibiyar Pasteur ta Faransa suka wallafa a mujallar eLife cewa ƙwayoyin cutar na taruwa da yawa a cikin fatar ɓeraye, har ƙudan tsando na iya ɗaukarsu daga ɓeran da ba a ga komai a jininsa ba. Da suka koma kan tsofaffin samfuran fatar mutane fiye da 1,000 daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, sai suka tarar da ƙwayoyin a jikin wasu da ba a taɓa cewa suna da cutar ba. A shekarar dai wata tawaga a Lisbon ta gano cewa suna ɓuya a cikin kitse. Ma'anar wannan ga shirin 2030 ita ce, gwajin jini kaɗai zai iya tsallake mutanen da ke ɗauke da cutar.

Abin lura shi ne inda aka yi waɗannan ayyuka. Cutar tana Afirka, ƙudan tsando yana Afirka, amma idon da ya hango maɓoyarta yana Turai.

Kuma aikin bai ƙare ba. Sammore, nau'in cutar da ke kama dabbobi, har yanzu yana ramar da shanu a yankuna irin su Kachia, yana rage nono da nama, yana kashe shanun huɗa. Magungunan da makiyaya ke dogaro da su, Berenil da Samorin, tun shekarun 1950 da 1960 ake amfani da su, kuma an tabbatar da bijirewar ƙwayar cutar gare su a ƙasashen Afirka da dama. Mahauci da mai sayar da nono da magidancin da ke sayen nama duk suna biyan kuɗin wannan jinkiri.

Maleriya, sikila da launin fata

Najeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya, kuma an riga an ga alamun ƙwayar cutar na bijire wa atemisinin a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya da Tanzaniya. A nan ma fotoakustik ta fara nuna kanta. Ƙwayar maleriya idan ta ci jini takan bar wani baƙin saura mai shan haske fiye da lafiyayyen jini. Wata na'ura mai suna Cytophone, wadda aka fara gwadawa a kan ɓeraye a jihar Arkansas ta Amurka, tana gano wannan saura ta bayan hannu ba tare da an huda fata ba. A 2024 aka wallafa sakamakon gwada ta a kan manya 20 masu zazzaɓi a Kamaru, inda ta gano kashi 90 cikin 100 na masu cutar. Gwajin ƙarami ne, kuma na'urar na da sauran aiki, amma ya nuna tafarkin da ake bi daga ɓera zuwa asibitin Afirka.

Sikila ma haka. Kimanin jarirai 150,000 ake haifa da ita kowace shekara a Najeriya, adadi mafi yawa a duniya. Ciwon ƙashin da masu ita ke fama da shi yana faruwa ne idan jini ya rasa iska ya toshe ƙananan jijiyoyi, wato daidai abin da fotoakustik ke aunawa. Tun ƙarshen shekarun 1990 akwai ɓerayen da aka dasa wa jinin sikila irin na mutum domin gwada magani.

Akwai kuma batun launin fata. Sinadarin melanin da ke sa fata baƙi yana shan haske, don haka yana iya dagula hoton. A 2023 tawagar Farfesa Muyinatu Bell ta Jami'ar Johns Hopkins da abokan aikinta a Brazil suka nuna wannan matsala tare da hanyar rage ta. Irin haka ta faru da ɗan maƙalin nan da ake sa wa a yatsa domin auna iskar jini: wani bincike a Amurka a ƙarshen 2020 ya gano cewa ya fi kuskuren ɓoye ƙarancin iska a jikin baƙar fata kusan ninki uku. Na'urar da aka ƙera aka gwada ba tare da baƙar fata ba, a asibitocin Afirka kuskurenta zai bayyana.

Maganin gargajiya da harafin L

Masu saye da sayar da maganin gargajiya na da ruwa da tsaki a wannan magana. Idan lambar NAFDAC da ke jikin kwalba ta ƙare da harafin L, abin da take nufi shi ne hukumar ta gamsu cewa maganin ba ya cutarwa, ta ba shi izinin wucin gadi na shekara biyu. Ba ta tabbatar da cewa yana warkar da abin da aka rubuta ba. Kafin a kai ga cikakkiyar rajista sai an kawo hujjar cewa yana aiki, kuma a nan mafi yawan masu haɗawa ke tsayawa saboda tsada da rashin wurin gwaji.

Najeriya ta taɓa tsallake wannan shinge. A shekarun 1990 cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta ɗauki wani haɗin gargajiya na sikila, ta bi da shi ta matakan gwaji har ya zama Niprisan. Kamfanin da aka ba lasisin haɗa shi ya durƙushe a 2008, maganin ya yi shekaru ba ya kasuwa, amma labarin ya nuna cewa a cikin saiwoyin da ake kasawa a kasuwa akwai masu amfani na gaskiya. Tantance su daga na bogi aikin ɗakin gwaji ne.

Kudancin kogin: abin da ke akwai da abin da ya rage

Kudancin Kogin Kaduna shi ne aka gina domin masana'antu. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, DICON da masaƙar UNTL suka biyo baya a 1964, kamfanin Peugeot a 1975, matatar mai a 1980. Rufe masaƙu a farkon shekarun 2000 ya bar manyan gine-gine babu kowa, ya bar iyalai da dama a Kakuri da Makera da Nasarawa cikin ƙunci. Idan kamfanonin magani za su amsa kiran gwamnatin tarayya su zo Arewa, wannan yanki na cikin wuraren farko da za su duba. Akwai asibitoci irin su St. Gerard da Gwamna Awan a Kakuri da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa. A ƙetaren gada akwai NITR da kwalejin likitanci ta Jami'ar Jihar Kaduna, NAFDAC na da ɗakin gwaje-gwaje a birnin, Zariya kuma tafiyar kusan awa ɗaya ce.

Babban cikas shi ne wuta. Tashar lantarki ta Kudenda mai ƙarfin megawat 215, wadda aka ba da kwangilarta a 2009, ta shafe fiye da shekara goma ba a kammala ba. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun kwashe kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Ɓerayen bincike na buƙatar ɗaki mai sanyin digiri 20 zuwa 26 dare da rana, a garin da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 35. Ɗauke wuta na yini biyu ya isa ya rushe gwajin wata shida, hawa da saukar wuta kuma na iya ƙona lesa.

Masu ja da wannan tunani na da hujjojinsu. Na'urar fotoakustik ta kamfani takan ci dubban ɗaruruwan daloli, alhali akwai asibitocin karkara da ba su da na'urar duba jini. Ɓera kuma ba mutum ba ne, shi ya sa magunguna da yawa ke warkar da shi su gaza a jikin ɗan Adam. Amurka ma a watan Disamban 2022 ta cire tilascin gwada kowane sabon magani a kan dabbobi, tana ƙarfafa amfani da ƙwayoyin halittar mutum da kwamfuta. Waɗannan duk gaskiya ne. Amma tambayar inda ƙwayar cuta ke ɓuya a jiki, ko fata ce ko kitse ko ƙwaƙwalwa, har yanzu jiki mai rai ne ke amsa ta. Ta fuskar tausayin dabbobi kuwa, wanda Musulunci da Kiristanci duka suka yi horo da shi, ɗaukar hoto ya fi feɗewa, kuma ya dace da ƙa'idar da masanan Birtaniya Russell da Burch suka shimfiɗa a 1959 ta maye gurbin dabbobi inda zai yiwu, da rage yawansu, da sauƙaƙa musu wahala.

Ta ina za a fara?

Hausawa na cewa da rarrafe yaro kan tashi. Kuskuren da aka saba yi shi ne a sayo na'ura mai tsada, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto, sannan a rufe ta da leda saboda babu kuɗin gyara ko wanda ya iya sarrafa ta. Ma'aikatan da ke tsara kasafi da ba da kwangila sun san yadda kuɗin saye ke fita da sauƙi, na kulawa kuwa ya gagara.

Abin da ya fi dacewa shi ne cibiya guda ta haɗin gwiwa, wadda NITR da jami'o'in Zariya da Kaduna da kamfanoni masu zaman kansu za su riƙa amfani da ita, maimakon kowa ya nemi tasa. Tubalin farko shi ne gidan kiwon ɓeraye mai tsafta, da wutar sola da batura, da kwamitin da ke sa ido a kan yadda ake kula da dabbobin. Da yake ƙwayoyin cuta masu haske an sauya musu halitta, sai an nemi izinin hukumar NBMA da aka kafa a 2015. Bayan nan sai na'urar hoton ƙyalli, wadda ta fi sauƙin kulawa kuma ita ce ta riga ta ba da sakamako a kan ciwon barci. Fotoakustik ta biyo baya, idan an horar da injiniyoyi ta hanyar musayar ɗalibai da jami'o'in da ke da ita, kuma duk kwangilar saye ta ƙunshi gyara da kayan gyara na shekaru.

Ga 'yan kasuwa, wannan harka ce mai kuɗi. A Indiya da China akwai kamfanonin da sana'arsu kawai ita ce yi wa wasu gwajin magani a biya su. Masu haɗa maganin gargajiya da ke son fita daga rukunin L, da kamfanonin maganin dabbobi, da ɗaliban digirin digirgir da ke tura samfuri ƙasashen waje da dala, duk abokan ciniki ne. Asusun TETFund da gwamnatin jiha da masu zuba jari na iya raba nauyin.

Ƙasashen Tarayyar Afirka sun yi alƙawarin ware kashi ɗaya cikin 100 na arzikinsu ga bincike, kuma Najeriya ba ta kai wannan mizani ba. Idan aka isa 2030 da masana'antu masu buga ƙwaya amma babu wurin gwada sabon sinadari, farashin wasu magunguna zai iya sauka, sai dai makiyayin Kachia zai ci gaba da sayen maganin da aka gano shekara 70 da suka wuce, mai sikila a Narayi kuma ya ci gaba da jiran abin da za a gano masa a wata ƙasa.